Kafur a tanki ko iska a taya: ina ya kamata kuɗinka su tafi?

Wata ranar Lahadi a bakin kasuwar Gujungu, wajen da 'yan acaɓa ke jera baburansu, na tarar da wani mutum ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya baza waɗansu 'yan ƙwayoyi a cikin leda, da ƙaramar lasifika a hannunsa. Ƙwaya ɗaya a lita biyar, in ji shi, tana rage shan mai da kashi 30 cikin 100, man da ya saba kai ka Ringim sai ya zarce da kai Kano. An yi masa zobe. Yayana da muka je tare ya taɓe baki ya ce shi bai ga abin saye a nan ba, tunda ya fi shekara yana jefa kafur a tankin Boxer ɗinsa, kuma na naira ɗari biyu ya ishe shi wata guda. Wani matashi ya ce shi tina yake ɗigawa. Wani kuma ya ce cokali ɗaya na baƙin mai. Kowa a cikinsu ya rantse nasa yana aiki.

Ban ga laifin kowa ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Mutumin da babur ne abincinsa, ko direban Golf da ke jigila tsakanin Kano da Haɗejiya, duk wanda ya ce masa ga dabarar rage shan mai dole ya tsaya ya saurara. Abin da ya rage shi ne a auna: ga abubuwan da ake zubawa a tanki, ga kuma gyare-gyaren da ake yi a wajen tanki. Mai kuɗi kaɗan a aljihu, wanne zai zaɓa?

Duk masu sayar da irin waɗannan magunguna magana ɗaya suke yi, wai abin yana sa mai ya ƙone da kyau. Maganar tana da daɗin ji, sai dai tana ɗauka cewa rabin man da ka sha yana fita ta salansa bai ƙonu ba. Ba haka abin yake ba. Injin fetur mai lafiya yana ƙone kusan duk man da ya shiga cikinsa, abin da ke tsira bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Asarar gaske tana wani wuri daban. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ke cikin lita, ko ma fiye, zafi yake zama ya bi iska. Ka tsaya da babur bayan tafiyar rabin awa, ka kai hannunka kusa da salansa: wannan hucin da ya kore ka, kuɗinka ne ke tashi. A mota kuma lagireto ne ke zubar da wani kason. Haka aka ƙera injin, kuma babu ƙwayar da za ka jefa a tanki ta canza ƙirarsa. To idan kashi 95 ko fiye ya riga ya ƙone, daga ina kashi 30 ɗin da mai lasifika ke alkawari zai fito?

Kafur ne ya fi yawan mabiya, don haka bari in daɗe a kansa. Labarinsa yana da asali. A farkon ƙarnin da ya wuce, fetur ɗin da ake sayarwa a ƙasashen Turawa mai rauni ne, yana saurin kamawa da wuta kafin lokacinsa ya sa inji yana ƙwanƙwasa. Sinadarin naftalin da ake yin farin kafur da shi yana ɗan taimaka wa irin wancan man. Fetur na yanzu ya riga ya wuce wannan matakin tun daga matata, amma labarin bai mutu ba, ya yi ta yawo daga baki zuwa baki har ya iso tasharmu.

Mu yi lissafin da ɗan firamare zai iya. Litar fetur nauyinta kusan giram 740 ne. Lita goma ta zama giram 7,400. Ƙwayar kafur ɗaya 'yan giram kaɗan ce, a ce uku ko huɗu. Ka jefa biyu, ka ƙara wa tankinka kusan kashi ɗaya cikin dubu. Ƙarfin da ke cikin giram ɗaya na naftalin kuwa bai fi na giram ɗaya na fetur ba. Ko da ya narke tas ya ƙone tas, a tafiyar kilomita 100 ribarka ba ta wuce mita ɗari ba, tsawon filin ƙwallo ke nan. Wannan idan komai ya tafi daidai.

Ba kullum yake tafiya daidai ba. Kafur ba ya narkewa nan take, yana farfashewa ne a hankali, ɓarɓashinsa ya bi mai. Na ga wannan da idona a rumfar wani makanike a garinmu. Wani yaro ya turo babur yana cewa in ya murɗa totur sai ya shaƙe. Makaniken ya kwance kofin ƙasan kafireta, ya juye ɗan man da ke ciki a tafin hannunsa, ya shinshina, ya miƙa wa yaron hannun a hanci.

“Kai, akwatin kayan wace tsohuwar ka zuba a ciki?”

“Wallahi maigida, guda biyu kawai nake sawa.”

Ya zaro jet, wannan ɗan ƙarfen tagullar mai kafa kamar ta allura wadda mai ke bi, ya ɗaga ta sama ya kalli rana ta cikinta. Haske bai ratso ba. Sai da ya hura ta, ya wanke ta da fetur, sannan kafar ta buɗe. Kuɗin aikin da yaron ya biya ya fi kuɗin kafur ɗin da ya saya tun farkon damina.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Fararen ƙwayoyin da muke kira kafur ba iri ɗaya ba ne. Wani naftalin ne, wani kuma an yi shi da sinadari mai ɗauke da kulorin, irin wanda ake ajiyewa a banɗaki. A ido ba ka iya bambance su, mai tireda ma bai san wanne yake sayar maka ba. Shi mai kulorin ɗin idan ya ƙone a cikin inji asid yake haifarwa, asid ɗin ya gauraya da tururin da ke cikin hayaƙi ya riƙa cin ƙarfe a hankali, daga cikin inji har salansa. Naftalin ɗin ma kansa da baƙin hayaƙi yake ci, mai barin kunkunniya a kan fulogi.

Tina da ruwan goge farce tafiyarsu ɗaya. Sinadarin asiton da ke cikinsu yana kamawa da wuta, amma ƙarfinsa bai kai na fetur ba, wajen kashi biyu cikin uku ne kawai. Duk murfin da ka zuba, ka sa abu mai rauni a gurbin mai ƙarfi, kuma litarsa ta fi litar fetur tsada. Aikin tina na asali narkar da fenti ne da danginsa. Tiyon mai roba ne, kan allurar da ke rufe mai a kafireta roba ce, zobban da ke hana yoyo roba ne. Ba rana ɗaya za ka ga ɓarnar ba, sai wata safiya ka tarar mai yana ɗiga a ƙarƙashin babur. In kuma hannunka ya goce wajen zubawa, fentin tankin ne zai fara shaida.

Kananzir shi ma ya yi zamaninsa, lokacin da yake da araha ana cakuɗa shi da fetur don a ci riba. Yau litar kananzir ta fi litar fetur tsada a mafi yawan wurare, don haka wanda ke zuba shi don tattali ya yi asara tun kafin ya buga babur. Ga shi da nauyin tashi, ba ya zama tururi da sauƙi, yana sa inji ya yi wuyar tashi da safe, a hawan tudu ka ji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wanda bai ƙone ba yana gangarawa ta gefen ringi ya tsinka baƙin mai. Daga nan zuwa inji ya buga ba nisa.

Cokalin baƙin mai kuwa gado ne da aka ɗauko daga gidan da ba namu ba. Tsofaffin Vespa da Suzuki da Yamaha na da, da ƙaramin jannareto na yanzu, ba su da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasan inji irin ta Boxer, sai an haɗa musu shi da fetur su samu santsi. Su a wurinsu dole ne. Boxer da Keke da Golf kowa na da wurin baƙin mansa daban. Ka zuba musu a tanki, abin da za ka samu shuɗin hayaƙi ne da fulogi mai danƙo. Maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon mai da kwalbar ruwan da ake jona wa batir wai mota ta sha ruwa, ba sai na ɓata muku lokaci ba: fetur ba ƙarfe ba ne balle maganaɗisu ya ja shi, wutar da za a raba ruwa da ita kuma daga injin take fitowa, kuma ta fi abin da za a samu yawa.

Mun ma taɓa yin gwajin zuba baƙon abu a fetur a ƙasa baki ɗaya, ba da son ranmu ba. A watan Fabrairu 2022 aka shigo da fetur daga Turai mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Motoci suka riƙa mutuwa a hanya, aka janye man daga kasuwa, layi ya dawo gidajen mai na makonni. Ba a ji wanda ya ce motarsa ta rage sha ba. A Amurka kuwa, hukumar kare muhalli ta ƙasar ta gwada na'urori da magunguna sama da 100 da aka ce suna rage shan mai, tun daga shekarun 1970, ba ta samu ko ɗaya da ya yi wani tasirin kirki ba.

Abu ɗaya ne a cikin masu shiga tanki zan ware, don a yi adalci: maganin wanke nozul (bakin da ke fesa mai cikin injin motar zamani) na kamfani, mai hatimi, wanda ake sayarwa a shagunan kayan mota. Shi ba haɗin gida ba ne, kuma na kirkinsa yana aiki, amma aikinsa ƙunci gare shi. Idan nozul ɗin motarka ya yi datti yana tsiyayar da mai maimakon ya fesa shi, maganin zai iya wanke shi motar ta koma shan da ta saba. Abin da ya ɓace yake dawo maka da shi, ba ya ƙara komai a kan yadda aka ƙera ta. Mota mai tsabtataccen nozul in ka zuba mata, kuɗin ka zubar. Kwalba ɗaya bayan watanni ta isa, ba kowane shan mai ba, kuma jabu ya cika kasuwa. A babur mai kafireta, kwancewa a wanke da hannu ya fi araha kuma ya fi tabbas.

To me ya sa mutanen kirki, waɗanda ba maƙaryata ba, suke rantsuwa sun ga canji? Yayana ba ya ƙarya. Amma na lura da shi: ranar da ya fara jefa kafur, ranar ya fara sauraron injinsa. Ya daina fizgar totur, ya daina tsere da 'yan uwansa a kan kwalta, yana kashe babur in ya tsaya gaisawa, don yana son ya ga ko maganin zai yi aiki. Man ya ragu kuwa. Hannunsa ne ya yi aikin, kafur ya karɓi godiya. Sannan ga iska. Lokacin hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, wanda ya tashi daga Kano zuwa Gumel ko Haɗejiya da ita yake kokawa, in zai dawo kuma ita ke tura shi. Wanda ya jefa ƙwaya a Haɗejiya ya nufo Kano zai iya dafa littafi cewa ta yi aiki. Ga kuma mudun da aka auna maka: kwalbar ɗan bumburutun nan ba ita ce ta wancan ba, galan ɗin da ake ce maka lita huɗu ne wani an gasa shi ya motse. Mitar nisa ta yawancin baburanmu ta daɗe da mutuwa. Da wane ma'auni aka ga canjin?

Yanzu mu juya wajen tanki, inda a ganina gizo ke saƙar.

Taya ce ta fi komai araha. Tayar da ba ta da iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar nan kuma mai take ci. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa daidaita iskar taya a mota na iya rage sha har zuwa kashi 3 cikin 100. Adadin bai da yawa, amma wannan lissafin motocinsu ne da ke kan kwalta mai santsi. Babur ɗin da aka ɗora wa buhun gero biyu da fasinja, tayar baya ta yi laɓo-laɓo, ya wuce nan. Wanda ya taɓa tuƙa keke mai saɓulallen taya daga gona zuwa gida ƙafarsa ta gaya masa. Matsalarmu masu faci da yawa da babban yatsa suke aunawa, ko su buga tayar da sifana su saurari ƙara. Nemi mai geji, ko ka sayi naka ƙarami ka ajiye. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki a mota, a babur kuma galibi yana kan takardar da aka manna kusa da sarƙa. Kada kuma a cika ta ta zama dutse, a hanyar burji sai ta riƙa tsalle, birki ya ƙi kamawa.

Matatar iska, wadda makanikai ke cewa iyakilina, ita ce na fi son mai babur ya kula da ita. Kafin inji ya ƙone giram ɗaya na fetur yana bukatar giram 14.7 na iska. Lita ɗaya ke nan tana shaƙar iska wajen lita 9,000, cikin duro 45. Duk wannan iskar ta cikin ɗan soson nan take bi, a hanyar da ta tashi daga ƙauye zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a bayan tirelar shanu, cikin hazo. In soson ya toshe, kafireta ba ta da wayon da za ta rage mai, ƙara zuƙo shi ma take yi. Nan ne kake ganin baƙin hayaƙi, kuma nan ne kaɗai maganar “mai ba ya ƙonewa” ta zama gaskiya. Amma iska ce ta yi ƙaranci, ba wani sinadari ba. Idan ta soso ce a wanke ta, ta bushe sarai, a shafa mata baƙin mai kaɗan a matse. Idan ta takarda ce a kakkaɓe, in ta gaji a canza. Cire ta gaba ɗaya wai inji ya sha iska, ringi da fistin ka sayar. A motar zamani mai nozul da kwamfuta labarin ya bambanta: kwamfutar tana rage mai daidai da iskar da ta samu, don haka toshewar ta fi rage gudu a kan ƙara sha.

Fulogi shi ne mai ba da shaida. Kwance shi bayan doguwar tafiya ka dubi bakinsa. In ya yi kalar shayi da madara, haɗin mai da iska ya yi daidai. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa, kana ƙona kuɗi. In ya yi fari fat, an matse man ya wuce kima. Wannan na ƙarshen shi ne tarkon da masu neman tattali ke faɗawa: a ce wa makanike ya matse kafireta iya matsewa, babur ya riƙa zafi, ya rasa ƙarfi a yashi, ka ƙara murɗa totur, ƙarshe bawul ya ƙone. Garin neman gira a rasa ido. Sabon fulogi kuɗinsa bai wuce na lita ɗaya ko biyu ba. Ka haɗa da sarƙar da aka shafa wa mai aka ɗaure daidai, da birkin da ba ya goga. Ɗaga babur a kan tsakiya ka juya tayar da hannu, in ta tsaya nan take akwai abin da ke riƙe ta, kuma mai kake biya a ja shi.

Masu Golf da Sharon da sauran motocin nozul nasu ɓarayin daban ne, kuma da hannunmu muke buɗe musu ƙofa. Da mota ta shigo daga Kwatano sai a ce ta ƙasar sanyi ce, a cire mata tamostat, a jona fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tayarwa. Tamostat aikinsa ya bar inji ya kai zafin da aka tsara masa, wajen digiri 90, ya tsaya a nan. In babu shi, da asubar hunturu injin na iya yin tafiya mai nisa bai ɗumama ba, kwamfuta kuwa muddin ta ga inji da sanyi ƙarin mai take ba shi, kamar wanda ya ja cok ya manta. Sai kuma na'urar da ke jikin salansa mai shinshinar hayaƙi tana gaya wa kwamfuta ko mai ya yi yawa. Wajen fasa salansa a cire matatar hayaƙin da ake kira indomi, sau da yawa ita ma ana lalata ta ko a bar wayarta tana lilo. Ma'aikatar da na ambata ta ce gyara matacciyar na'urar nan na iya inganta shan mai har da kashi 40 cikin 100 a inda abin ya yi tsanani. Wutar nan mai hoton inji da ke ci a gaban direba, wadda wasu ke liƙe wa salatif, sau da yawa abin da take ƙoƙarin faɗa ke nan. Gyaran nan yana cin kuɗi, sai an je birni an jona motar a kwamfuta, amma direban da ke shan lita talatin a rana cikin makonni yake mayar da su.

Wanda ba a biyan ko sisi kuma shi ya fi duka girma, wato ƙafa da hannu. Turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ninkawa take yi. Motar da ke gudun 120 tana ture iskar da ta ninka ta mai gudun 80 sau biyu da kwata. Ka ɗora mata buhunan barkono da katifa a sama, but a buɗe an ɗaure da igiya, ta zama bango mai tafiya. Tuƙin fizga da taka birki, a ƙiyasin Amurkawan, yana ƙara sha da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a babbar hanya. Na san direba zai ce in bai yi sauri ba wani zai riga shi layi a tasha, kuma da gaskiyarsa, sawu biyu ya fi sawu ɗaya. Amma tsakanin 100 da 120 a tafiyar kilomita 100 minti goma ne kacal. Dabarar kashe mota a gangara kuwa a bar ta: birki da sitiyari na iya yin tauri, kuma motar nozul in ka ɗaga ƙafa tana cikin giya da kanta take yanke man.

A ce ɗan acaɓa yana shan lita uku a rana, kwana 26 a wata, lita 78 ke nan. A ce lita naira 1,000 don sauƙin lissafi. In iska da soso da fulogi da sanyin hannu suka rage masa kashi 10 kawai, ya tsira da kusan lita takwas, naira 7,800 a wata. Kafur, a lissafinsa mafi kyau na kashi ɗaya cikin dubu, naira 78 zai ba shi, bai mayar da kuɗin sayensa ba.

Akwai hanya ta uku da ake ta magana, mayar da mota ta koma amfani da gas ɗin CNG, wanda gwamnatin tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023. Wannan ba tatsuniya ba ce, kuɗin tafiya yana raguwa sosai. Sai dai kuɗin juyawar masu kauri ne, tukunyar tana cinye but, kuma tashoshin cikawa a manyan birane suke. Direban da kullum yake shiga Kano zai iya zama ya yi lissafinsa. Wanda zirga-zirgarsa daga Babura zuwa Maigatari ce, ya fara tambayar inda zai cika. Abin da ba a wasa da shi shi ne tukunya: gas ɗin ana matse shi ne da ƙarfin da ya ninka matsin iskar da muke shaƙa wajen sau 200, tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa ba za ta ɗauka ba. A birnin Benin na jihar Edo a watan Oktoba 2024 wata mota mai irin wannan tukunyar ta tarwatse a wajen cikawa.

Da ni za a tambaya, mai babur ya fara da geji da soso da fulogi, a wannan jerin, sannan ya zaɓi wurin shan mai guda ɗaya da ya yarda da mudunsa. Mai Golf ya mayar da tamostat, ya sa a duba wutar da ya rufe, in nozul ya yi datti a wanke. Wanda kuma zuciyarsa ta ƙi sakin ƙwayar, ya gwada ta yadda ba zai ruɗi kansa ba. A cika tanki fal a famfo ɗaya, a yi tafiyar da aka saba zuwa da dawowa, a koma famfon a sake cikawa, a rubuta litar da ta shiga. A yi haka sau shida. Sharaɗin shi ne ba kai za ka riƙa jefawa ba: ka ba ƙaninka, wani cikon ya jefa, wani ya ƙi, ya rubuta a ɓoye, kada ya gaya maka sai an gama.

Na kawo wa Yaya wannan shawarar muna hanyar dawowa daga Gujungu, ina bayansa riƙe da ƙullin manja. Ya yi shiru har muka wuce wata gada, sannan ya ce, “Wato so kake ka ce ban san babur ɗina ba.”

“Haba Yaya, ni na isa? Sau shida kawai.”

Ya ce zai duba bayan girbi. Da muka shiga gari dai ya tsaya wajen mai faci, aka ɗora geji a tayar baya. Rabin abin da ke rubuce kusa da sarƙa ta nuna.